Oba-obar da manhaja ke sarrafawa: Inda manyan rundunoni suka yi tuntuɓe, da abin da ya shafi Najeriya

A daren Talata 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai da ta taso daga Kano ta faɗi a garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura a Jihar Jigawa. Jama'a suka taru suna kwasar man da ke malala, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya, aka kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da wasu garuruwa.

A irin wannan dare hukumomi da dama ne ke haɗuwa a wuri guda: 'yan sanda, jami'an kiyaye haɗurra, 'yan kwana-kwana, jami'an Sibil Difens, ma'aikatan lafiya, wani lokaci har da soja. Kowace hukuma da nata rediyon oba-oba, idan tana da shi, kuma kowane rediyo a kan zangonsa yake magana. Abin da ya fi haɗa su a aikace shi ne wayar salular da ke aljihun kowa, wato layin kamfanonin kasuwa, irin wanda fatake ke tambayar farashin hatsi da shi a kasuwar Gujungu ranar Lahadi.

Wayar salula kuwa tana aiki ne muddin turakun sadarwa na tsaye kuma an bar su a kunne. A watan Satumban 2012 'yan Boko Haram sun ƙona turaku da yawa a jihohin Arewa. A watan Mayun 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci, hukuma da kanta ta rufe layukan salula a Borno da Yobe da Adamawa. A farkon Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk faɗin Zamfara, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. A duk lokacin da haka ta faru, jami'in tsaro ba shi da abin dogaro sai rediyonsa. Idan rediyon nan bai iya magana da jirgin yaƙin da ke shawagi a samansa ba, ko da ofishin 'yan sandan da ke garin gaba, to yana cikin jama'a amma shi kaɗai ne.

Shekara talatin ke nan injiniyoyi na cewa sun samo maganin wannan matsala. Maganin shi ne rediyon da manhaja ke sarrafawa, wanda ake taƙaita sunansa da SDR. Fasahar gaskiya ce, kuma a yau tana aiki. Amma hanyar da aka bi kafin a kai nan cike take da asarar dukiya mai tsoratarwa, kuma ƙasar da ke shirin saye ko ƙera irinsa ya kamata ta san ramukan da na gaba suka faɗa.

Mene ne bambancinsa da rediyon da aka sani?

Wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman Kaduna ko Landan a gajeren zango ya san cewa kowane akwati da iyakar abin da yake kamawa. Dalili shi ne, a tsohon rediyo, ƙarafa da wayoyin da ke ciki su ne ke yanke zangon da zai kama da irin siginar da zai fahimta. An ƙera shi a kan aiki ɗaya, kuma a kansa zai mutu. Mai son wani aikin sai ya sayi wani akwatin.

A rediyon SDR, da zarar eriya ta kamo igiyar, sai a mayar da ita lambobi, daga nan kuma wata ƙaramar kwamfuta ce ke yin sauran aikin: tacewa, fassarawa, kulle saƙo da buɗe shi. Tsarin da rediyo biyu suka amince su yi magana da shi, wanda za a iya kira harshen rediyo, ya zama manhaja ke nan da ake ɗorawa ko a sauke, kamar yadda ake ɗora manhaja a waya. Akwati guda zai iya jin harshen sojan ƙasa da safe, ya koma na sojan sama da rana, ya yi magana da tauraron ɗan'adam da dare. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Joseph Mitola ne ya yayata wannan tunani a farkon shekarun 1990, a daidai lokacin da rundunar Amurka ke gwada shi a wani shiri mai suna SpeakEasy.

Amurkawa suna da dalilinsu na ɗoki. A mamayar da suka kai tsibirin Girenada a 1983, sojojin ƙasa da na ruwa sun sha wuyar magana da juna saboda rediyonsu bai dace ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 suna riƙe da rediyo kusan 750,000, kashi fiye da 25, da yawansu ba sa jin juna. Motar kwamanda guda kan ɗauki akwatuna da yawa, kowanne da eriyarsa da batirinsa da makanikensa.

Shirin JTRS: an ɗauki kaya fiye da ƙarfin wuya

A 1997 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta buɗe shirin da aka sani da JTRS, da nufin samar da dangin rediyo guda ga dukkan rassan rundunarta. A 2002 kamfanin Boeing ya samu kwangilar kashi na farko, wanda ya haɗa da babban rediyon da za a ɗora wa motocin yaƙi, wanda daga baya aka sa wa suna GMR.

Abin da aka nema daga na'urar yana da yawa. Ana so ta yi aiki daga megahaz 2 har zuwa megahaz 2,000. Ana so ta ji harsuna fiye da 30, tsofaffi da sababbi. Ana so ta riƙa tafiyar da tashoshi da dama a lokaci guda, wani na sirri, wani ba na sirri ba, ba tare da sun gauraya ba. Sannan, a kan wannan duka, ana so motocin da ke ɗauke da ita su zame wa junansu turakun sadarwa, su kafa wata intanet mai tafiya, wadda ke gyara kanta idan mota ɗaya ta ɓace a bayan tudu ko aka harbe ta. Wannan buƙata ta ƙarshe ba ta cikin ainihin tunanin farko da irin wannan girma. Ta kumbura ne bayan sojan ƙasa ya jingina wani katafaren shirinsa na sabunta kayan yaƙi a kanta.

Ofishin GAO, wanda ke bin diddigin kashe kuɗin gwamnati a madadin majalisar dokokin Amurka, ya yi gargaɗi tun a 2003 cewa an fara gini kafin fasahar ta nuna, kuma shugabancin shirin a warwatse yake. Ba a yi nisa ba gargaɗin ya tabbata. A watan Afrilun 2005 rundunar ta rubuta wa Boeing takarda tana neman ya faɗi dalilin da zai hana a soke kwangilarsa. A wannan shekara aka kafa ofishi guda mai cikakken iko a kan shirin, abin da ya kamata a yi tun ranar farko. A 2006 aka sake fasali, aka rage harsunan daga 32 zuwa 11, aka rage nau'o'in rediyon daga 26 zuwa 13.

Duk da haka GMR bai tsira ba. A 2009 aka soke wancan babban shiri na sojan ƙasa da ya dogara da shi. Rundunar ta rage yawan da za ta saya daga 86,209 zuwa 10,293. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke biyo baya: kuɗin da aka kashe wajen bincike da gwaji ba ya raguwa, don haka idan aka raba shi a kan kaya kaɗan, farashin kowane guda sai ya yi tashin gwauron zabo. Amurka na da wata doka ta 1982, dokar Nunn-McCurdy, wadda ta tilasta wa Ma'aikatar Tsaro ta je gaban majalisa ta kare duk shirin da farashinsa ya haura wani mizani, ko ta soke shi. A watan Oktoban 2011 aka soke GMR. An ƙiyasta cewa shirin ya riga ya laƙume kimanin dala biliyan 6. Na'urar da aka kai gwaji a hamadar kudu maso yammacin Amurka a wannan shekara nauyinta ya haura kilo 90, kusan buhun masara guda, tana ɗaukar mintuna kafin ta tashi, kuma zafi na damun ta.

A duk tsawon waɗannan shekaru sojojin Amurka na yaƙi a Iraƙi da Afghanistan, kuma yaƙi ba ya jiran ɗan kwangila. Dole aka riƙa kashe biliyoyin daloli ana sayen tsofaffin nau'o'in rediyon da aka ce za a yi ritaya da su, da kuma wasu sababbi da kamfanoni irin su Harris suka ƙera da kuɗinsu, masu buri kaɗan amma suna aiki. An biya sau biyu ke nan.

Abin da manhaja ba ta iya canzawa

Kuskuren fasaha mafi girma shi ne zaton cewa tunda an mayar da ƙwaƙwalwar rediyo manhaja, to jikinsa ma ya zama manhaja. Ba haka ba ne. Igiyar da ke tafiya a megahaz 2 tsawonta mita 150 ne, ta megahaz 2,000 kuwa santimita 15. Eriyar da ta dace da ta farko tsawonta ya kai na doguwar bishiyar giginya ko ya fi, wadda ta dace da ta biyu kuwa ba ta kai ɗan yatsa ba. Babu manhajar da za ta sa ƙarfe guda ya yi waɗannan ayyuka biyu da kyau. Haka na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin ta fita: idan aka ce ta yi aiki a kowane zango, sai ta rasa ƙwarewa a kowanne, kuma kaso mai yawa na wutar da take sha ya koma zafi.

Daga nan matsalolin ke haifar juna. Lissafi mai yawa na cin wuta. Cin wuta na kawo zafi. Zafi na buƙatar fanka ko faffaɗan ƙarfen sanyaya na'ura. Waɗannan na ƙara nauyi da girma, sannan a ƙara batir. Sojan da ke tafiya a ƙasa, wanda tuni yake ɗauke da bindiga da harsasai da ruwa da sulke, shi ne zai ɗauki sakamakon.

Wannan batu ba na nesa ba ne ga wanda ya san Jigawa. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, balle a cikin motar ƙarfe da ke tsaye a rana tsakanin Gumel da Maigatari. Da hunturu ƙurar da ke shiga kowace kafa za ta toshe fankar da aka sa don sanyaya na'ura. Da damina kogin Haɗeja kan cika ya yanke hanyoyi a yankin Ringim da Taura, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, wato lokacin da aka fi buƙatar rediyo shi ne lokacin da kai masa batir ko mai gyara ya fi wuya. Wutar caji kuwa kowa ya san halinta. Na'urar da ta ci jarrabawa a ɗakin gwaji mai sanyi a Turai ba ta ci ta nan ba tukuna.

Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta tsakiyar Jigawa tana da nata amfani, domin babu manyan duwatsun da za su tare sigina sai a kewayen Dutse da kudancin jihar. Amma doron ƙasa a lanƙwashe yake, kuma oba-obar hannu a kan layin gani take tafiya. Mutum biyu a tsaye, kowanne da rediyo a hannu, da wuya su ji juna bayan 'yan kilomitoci, komai tsadar manhajar da ke ciki. Sai an ɗaga eriya a kan turke, ko an sa na'urar da ke maimaita sigina, ko an koma gajeren zango mai tunkuɗo sama ya dawo. Kowanne daga cikin waɗannan kuɗi ne da ba ya bayyana a farashin rediyon.

Ƙofar da ke buɗe wa mai gida tana buɗe wa ɓarawo

Haɗari na biyu ya fi na farko ɓoyuwa. Rediyon da za a iya sauya wa manhaja kwamfuta ce, kuma duk abin da ke samun kwamfuta zai iya samun sa. Tsohon rediyo idan ya faɗa hannun abokan gaba, an yi asarar akwati guda. Sabon kuwa, da yake a haɗe yake da sauran, zai iya zama ƙofar shiga gidan gaba ɗaya. Wannan ne ya sa hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA, ta tsaurara sharuɗɗan tsaron JTRS bayan aiki ya yi nisa, abin da ya tilasta sake zanen wasu sassa, ya ƙara jinkiri da kuɗi. Tsaron da aka tuna da shi a tsakiyar gini kamar harsashin da aka tuna da shi ne bayan an ɗora rufi.

Ga ƙasar da ke saye daga waje akwai ƙarin tambaya: wa ya rubuta manhajar, kuma wa ke riƙe da makullin? A watan Fabrairun 2020 aka bayyana cewa kamfanin Crypto AG na ƙasar Suwizalan, wanda ya shafe shekaru da dama yana sayar wa ƙasashe fiye da 100 na'urorin kulle saƙo, mallakar hukumomin leƙen asirin Amurka da Jamus ta Yamma ne a ɓoye, kuma suna karanta saƙonnin masu sayen. A 2023 wasu masu bincike 'yan ƙasar Holan suka nuna cewa ɗaya daga cikin makullan tsarin TETRA, wanda 'yan sanda da hukumomi a ƙasashe da yawa ke amfani da shi, an raunana shi tun daga ƙira: makullin da aka ce yana da ƙwayoyi 80, a zahiri 32 ne ke aiki, kuma kwamfutar cinya za ta iya fasa shi cikin ɗan lokaci. A watan Satumban 2024 kuma duniya ta ga yadda dubban ƙananan na'urorin karɓar saƙo da oba-oba suka fashe a hannun masu su a Labanan, saboda an shiga tsakanin masana'anta da mai saye.

A ɗaya gefen, fasahar ta yi arha ga kowa. Tun wajen 2012 masu sha'awar rediyo suka gano cewa wata 'yar na'urar kallon talabijin da ake soka wa kwamfuta, wadda kuɗinta bai wuce 'yan daloli ba, za ta iya zama rediyon SDR mai sauraren zanguna masu yawa. Ma'ana, duk oba-obar da ke magana a buɗe ba tare da kulle ba, sauraren ta ba ya buƙatar wata gwamnati. Ko an kulle maganar, rediyon da ke watsa sigina yana nuna inda yake. Bayan harin da ya kashe sojojin Rasha da dama a garin Makiyibka a daren shiga 2023, Ma'aikatar Tsaron Rasha da kanta ta ɗora laifin a kan yadda sojojin suka kunna wayoyinsu.

Matsalar da ta fi ta injiniya

Idan aka duba rahotannin GAO da kyau, za a ga cewa rabin ciwon JTRS ba a ɗakin gwaji yake ba, a ofis yake. A shekarun farko kowane reshe na rundunar, sojan ƙasa da na ruwa da na sama, yana riƙe da nasa kason kuɗin, yana jan shirin zuwa nasa buƙatun. Ofishin da aka ce shi ne na haɗin gwiwa ba shi da ikon tilasta wa kowa. Kowa na ƙara abin da yake so a jerin buƙatu, babu mai ikon cewa a'a. Jirgin da ke da matuƙa da yawa ba ya isa gaɓa da wuri. Ma'aikacin gwamnatin da ya taɓa zama a kwamitin da ya haɗa ma'aikatu uku, kowace da nata kasafin da nata babban sakatare, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Sai kuma jadawalin aiki da aka tsara bisa fata. An sa ranar fara ƙerawa kafin a tabbatar cewa abin zai yiwu. Manhaja kuwa tana da wata ɗabi'a da ta bambanta ta da titi ko gini: ba a ganin ta da ido. Mai duba aikin hanya zai je ya auna kilomita nawa aka shimfiɗa. Mai duba aikin manhaja za a ce masa an kammala kashi 90 cikin 100, kuma ragowar goman nan za ta iya cin lokacin da ya fi na casa'in ɗin.

Ba Amurka kaɗai ba ce. Birtaniya ta ba da kwangilar tsarin sadarwarta mai suna Bowman a 2001, kuma da aka fara raba shi sojoji suka koka da nauyi da gajeren ran batir, har suka mayar da haruffan sunan wata ba'a mai ma'anar cewa gara mutum ya riƙe taswira da wayar Nokia. Rasha ta yi alfahari da rediyonta na SDR mai suna Azart, amma a 2020 aka kama Janar Khalil Arslanov, wanda ya shugabanci sashen sadarwar rundunar, bisa zargin almundahana da ta shafi sayen kayan sadarwa, kuma a farkon yaƙin Yukiren a 2022 an ga sojojin Rasha da dama riƙe da oba-obar kasuwa ƙirar Sin, marar kulle, wadda kowa ke saurare. A 2024 aka kama wanda ya gaje shi a muƙamin, Janar Vadim Shamarin, kan zargin karɓar cin hanci.

Adalci ne a faɗi cewa JTRS bai tafi a banza gaba ɗaya ba. Wasu ƙananan 'ya'yansa, kamar rediyon hannu na sojan ƙasa da na jiragen yaƙi, sun kai ga aiki. An rufe ofishinsa a 2012, aka maye shi da wata cibiya mai aiki mafi ƙanƙanta: ta riƙe harsunan rediyon da ma'aunansu a matsayin mallakar gwamnati, ta bar kamfanoni su yi gasar ƙera akwatunan. Wannan rabon aiki, gwamnati ta mallaki harshe, kasuwa ta ƙera akwati, shi ne abu mafi daraja da dala biliyan 6 ta saya.

Najeriya ta riga ta ɗanɗana

Najeriya ba ta taɓa shiga aiki mai girman JTRS ba, amma tana da nata tabon. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro na ƙasa, inda bankin Exim na Sin ya ba da rancen dala miliyan 399.5. Jama'a sun fi sanin aikin da kyamarorin da aka kakkafa a Abuja da Legas, amma ƙashin bayansa shi ne layin sadarwa na musamman ga 'yan sanda da sauran jami'an tsaro, mai ɗaruruwan turaku a faɗin ƙasa. Ba rediyon SDR ba ne, amma manufar ɗaya ce: jami'ai su samu hanyar magana tasu ta kansu.

Bayan 'yan shekaru yawancin kayan sun daina aiki. Majalisar Wakilai ta yi zaman bincike fiye da sau ɗaya. A 2019 Ministar Kuɗi ta wancan lokaci, Zainab Ahmed, ta shaida wa 'yan majalisa cewa ana ci gaba da biyan bashin, kuma a 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe kuɗin. Cikin abubuwan da suka fito fili akwai wanda ya fi kowanne sauƙin fahimta: an ciyo bashin gini, amma ba a tsayar da wanda zai riƙa biyan kuɗin gudanarwa ba. Turke na buƙatar man janareta da mai gadi da mai gyara a kowace rana ta Allah. Sayen doki ba shi ne wuya ba, ciyar da shi ne.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan da suka shafi tsaron ƙasa daga ƙa'idojinta, sai idan Shugaban Ƙasa ya amince a bi su. Akwai hujjar yin haka, domin ba kowane sirri ake tallatawa a jarida ba. Sai dai sakamakon shi ne, babu wata ƙararrawa irin ta Nunn-McCurdy da za ta kaɗa da kanta idan farashi ya kauce ko aiki ya tsaya. A Amurka an yi asarar, amma an san adadinta, an san ranar da aka tsayar da ita, kuma rahotannin na nan kowa zai iya karantawa.

Batun na ƙara matsowa. A watan Nuwamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON, kamfanin ƙera kayan yaƙi da aka kafa a Kaduna a 1964, wadda ta faɗaɗa ikonsa na haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Rundunonin Najeriya na sayen jirage da motoci da jirage marasa matuƙi daga ƙasashe daban-daban, Amurka da Sin da Turkiyya da Rasha da Italiya, kowanne kuma da irin na'urar sadarwar da ya zo da ita. A yankin Tafkin Chadi suna aiki da sojojin maƙwabta da ke da nasu kayan. Wannan shi ne ainihin yanayin da aka ƙirƙiri SDR dominsa, kuma shi ne yanayin da ke jan hukuma ta nemi akwati guda mai yin komai.

Abin da tarihin JTRS ke nunawa shi ne a fara da ƙaramin buri mai iyaka: harshe guda na murya, mai kulle, wanda soja da ɗan sanda da jami'in agaji za su iya haɗuwa a kansa idan ta ɓaci, tare da hukuma guda mai ikon yanke hukunci da riƙe kuɗi. Kwangilar ta fayyace wa ya mallaki manhajar, wa ke ƙirƙirar makullai, kuma shekara nawa mai sayarwa zai ci gaba da toshe ɓarakar da aka gano. A gwada na'urar a hannun kurtu, a watan Afrilu, a bayan motar sintiri, kafin a biya kaso na biyu.

Sannan akwai batun mutane. Rediyon manhaja yana buƙatar masu rubuta manhaja da masu duba ta, waɗanda za su iya buɗe abin da aka sayo su ga ko akwai wata ƙofar baya. Jigawa ta shiga harkar fasahar sadarwa tun da wuri, a zamanin Gwamna Saminu Turaki, lokacin da aka kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure da kamfanin intanet na jiha wanda daga baya ya zama tushen Galaxy Backbone na tarayya a 2006. A yau akwai Jami'ar Tarayya a Dutse, akwai kuma wata jami'a a garin Majiya kansa. Kayan koyon wannan fanni ba su da tsada: kwamfutar cinya, 'yar na'urar nan mai arha, da manhajar GNU Radio wadda kyauta ce ga kowa tun 2001. Da su ɗalibi zai iya zama a tsakar gida a Taura ya ga, a kan allon kwamfutarsa, siginar jiragen da ke ratsa sama zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, da kuma waɗanne zanguna ne a yankinsa ke magana a buɗe.